Daga Zango Zuwa Tashar Caji: Motar Lantarki da Hanyar Gobir

A watan Afrilu na 2021 aka buɗe tashar cajin motoci mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, irinta ta farko a Nijeriya. Hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, ce ta gina ta. Shugabanta na lokacin, Jelani Aliyu, ɗan jihar ne, wanda ya yi suna a kamfanin General Motors na Amurka da zana surar motar Chevrolet Volt. Motar da hukumar ke alfahari da ita a wancan lokaci ita ce Hyundai Kona mai lantarki, wadda kamfanin Stallion ya fara harhaɗawa a Legas a ƙarshen 2020, aka kuma ce caji ɗaya yana kai ta kilomita 482.

Daga Sakkwato zuwa Sabon Birni kimanin kilomita 130 ne idan an auna a miƙe, hanyar mota da ke bi ta Goronyo kuwa ta fi haka. A kan takarda, motar za ta je Sabon Birni, ta leƙa Isa, ta komo gida batirinta bai ƙare ba. Amma direban da ya san wannan hanya ba zai gamsu da lissafin takarda ba. Zai tambaya: idan aka rufe hanya ya yi zagaye fa? Idan ya kwana a Isa, a ina zai sami wuta? Tarihin sufuri a ƙasar Gobir, da tarihin motar lantarkin kanta, duka suna bayan direban nan.

Tun kafin a san mota, Gobirawa sun san cewa nisan tafiya a hannun zango yake. Alƙalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, wanda kufansa ke cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni a yau, yana zaune ne a kwarin Rima, inda ayarin gishiri daga Azbin da fataken kudu suke samun ruwa da kiwo. Madugu ba ya auna hanya da ƙarfin jaki ko juriyar raƙumi kaɗai. Abin da yake fara ƙirgawa shi ne rijiyoyi, da garuruwan da za a sami hatsi da harawa, da sarakunan da za su ba ayari kariya. Hanyar da rijiyarta ta ƙafe, ko yaƙi ya tashi garuruwanta, ta mutu, komai ƙoshin dabbobin ayari. Sabon Birni kansa, wanda wani reshe na gidan sarautar Gobir ya kafa a ƙarni na 19 bayan rabuwa da 'yan'uwansu na Tsibiri, ya rayu ne don yana bakin gulbi kuma a mahaɗar hanyoyi.

Da jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, gyaɗa da auduga da fatun wannan yanki suka sami sabuwar ƙofa ta Shinkafi. Jakuna da raƙuma ne suka fara yin jigilar, sannu a hankali manyan motoci suka karɓe ta. Mota ta yi galaba ne da wata fa'ida da jaki ba shi da ita: tana ɗaukar guzurinta mai yawa a wuri kaɗan. Fetur da kananzir suna zuwa a garwa mai galan huɗu, garwar da ta bar wa Hausa sunan 'yan garuwa. Duk inda mutum zai iya kai garwa, wurin ya zama zangon mota.

Wannan fa'ida ce ta kayar da motar lantarki a karon farko, domin ita ba baƙuwa ba ce a duniya. A 1899 wani ɗan Beljiyam, Camille Jenatzy, ya zama mutum na farko da ya wuce gudun kilomita 100 a awa da mota, kuma da motar lantarki ya yi hakan. A wajajen 1900, kimanin kashi ɗaya cikin uku na motocin Amurka masu batir ne. Ba su da hayaƙi, ba su da ƙara, ba a kuma wahalar murza su da hannu kafin su tashi. Matar Henry Ford da kanta motar Detroit Electric take tuƙawa. Sai abubuwa uku suka taru. An sami man fetur mai yawa a Texas tun 1901. Ford ya fito da Model T a 1908 a kan dala 850, farashin ya yi ta sauka har ya koma ƙasa da dala 300. A 1912 kuma Cadillac ta fito da makunnin lantarki, murzawa da hannu ta kau. Abin da ya ƙarasa ta shi ne ƙauye: har farkon shekarun 1930, gona ɗaya cikin goma ce ke da lantarki a Amurka, alhali fetur ana samunsa a kantin kowane gari. Motar lantarki ta zama ta attajiran birni, sannan ta ɓace.

Batirin lithium ne ya dawo da ita. Kamfanin Sony ya fara sayar da shi a 1991 don ƙananan na'urori, sai aka shiga haɗa dubbai a ƙarƙashin mota. Tesla Roadster ta 2008 tana cin kusan kilomita 390, amma kuɗinta ya haura dala 100,000. Nissan Leaf ta 2010 ta fi sauƙin kuɗi, sai dai kilomita 117 kawai hukumar Amurka ta auna mata. Tun daga nan batir ya yi ta araha: awon kilowat ɗaya na awa, wanda ya haura dala 1,000 a 2010, ya koma kimanin dala 115 a 2024. A 2023 kamfanin BYD na ƙasar Sin ya fito da Seagull, mai cin kilomita 300, a kan kimanin dala 10,000. A 2024 an sayar da motoci masu caji fiye da miliyan 17 a duniya, wato sama da ɗaya cikin kowace mota biyar, mafi yawansu a Sin. Ita kuwa Volt ɗin da Jelani Aliyu ya zana, an haɗa mata da ƙaramin injin fetur da ke tashi idan batir ya yi ƙasa, saboda kamfanin ya san tsoron da ke zuciyar mai saye, wato mutuwar mota a inda babu wuta.

A Nijeriya kuɗin saye ne katanga ta farko. An sa wa Kona kimanin naira miliyan 24, a lokacin da mafi ƙarancin albashi yake naira 30,000, wato albashin shekara 66 ba a taɓa ko kwabo ba. Mutanen Isa da Sabon Birni kuma ba sababbin motoci suke saye ba. 'Yan Kwatano ne ke cika tashoshinsu, tsofaffin motocin da suka ƙare aiki a Turai, waɗanda kowane bakanike ya san cikinsu. Tsohuwar motar lantarki kuwa tana zuwa da tsohon batir, shi ne kuma mafi tsada a jikinta. Zafi yana gajarta masa rai. Masu Leaf ta farko a jihar Arizona sun koka da haka a 2012, ga shi kuma zafin bazarar Sakkwato yana wuce digiri 40.

Kuɗin tafiya kuwa labarinsa daban. Bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Batirin Kona yana ɗaukar awo 64. Ko da a farashin rukunin A na Afrilu 2024, naira 225 kowane awo, cika shi bai kai naira 15,000 ba. Motar fetur mai shan lita 8 a kilomita 100 za ta ƙone kusan naira 39,000 a wannan tazara. Irin wannan lissafi ne ya sa Mustapha Gajibo ya shiga mayar da ƙananan bas masu lantarki a Maiduguri, gwamnatin Borno ta sa motocin haya masu caji a titi a ƙarshen 2023, Habasha kuma ta hana shigo da ƙananan motocin fetur a 2024. Sai dai Maiduguri birni ne mai gajerun hanyoyi, Habasha kuwa tana da wutar manyan madatsun ruwa.

Gabashin Sakkwato yana can ƙarshen layin wutar kamfanin rarrabawa na Kaduna. A watan Oktoba na 2024, da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, yawancin Arewa ta kwana da kwanaki a duhu. Amma fetur ɗin ma ya daina zama abin dogaro a nan. A Nuwamba 2019 hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. A Satumba 2021, don toshe wa 'yan bindiga hanyar samun mai, gwamnatin jihar ta hana sayar da fetur a jarka, ta rufe hanyar Isa zuwa Marnona, aka kuma katse layukan waya. Garwar da ta ba fetur galaba shekara ɗari da suka wuce ita ce ta zama abin tuhuma, manomi mai injin ban ruwa da ɗan kabu-kabu suka koma hannun 'yan bumburutu.

Ita kanta hanyar ta koma irin wadda madugai ke gudu. A Disamba 2021 aka ƙone matafiya daga Sabon Birni cikin motarsu a yankin Isa. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hanyarsa ta komowa daga Sakkwato, ya rasu a hannun waɗanda suka kama shi. A irin wannan hanya babu mai son tsayawa awa guda yana jiran batir ya cika, babu kuma ɗan kasuwar da zai kafa tashar miliyoyin naira a inda ba ya iya kwana.

Duk da haka akwai abin da yankin yake da shi wanda ƙauyukan Amurka na 1912 ba su da shi. Farantan sola sun riga sun shiga kasuwanni da asibitoci da shagunan cajin waya, sun fara shiga fadamu. Rana ba a ɗauko ta a tanka daga Legas, ba a kuma hana ta da dokar jarka. Saboda haka mai yiwuwa lantarki ba zai shiga sufurin Gobir ta babbar mota mai kilomita 482 ba. Ƙofar da ta fi kusa ita ce babur da keke mai ƙafa uku, masu ƙaramin batir da 'yan farantai za su iya cikawa, masu zirga-zirga tsakanin gari da kasuwa da gona. Doguwar tafiya zuwa Sakkwato za ta jira sai an sami wurin caji a Goronyo, da Sabon Birni, da Isa, an kuma sami hanyar da mutum zai tsaya a cikinta hankali kwance. Su ne sharuɗɗan da madugu yake nema kafin ya ɗaura kaya: rijiya mai ruwa a kowane zango, da mai tsaron ta.