Daga Maƙera zuwa Canjin Allon Kwamfuta a Ƙasar Kurni

Kurni ƙaramar hukuma ce ta karkara a yankin Matamaye cikin jihar Damagaram ta Nijar, kusa da iyakar da Faransa da Ingila suka shata tsakanin 1904 da 1906, iyakar da ta raba mulki amma ba ta raba kasuwa ba, domin hanyar da ta taso daga Damagaram ta ratsa Kance da Matamaye ta ɓulla Ɗan Barto, ita ce ke miƙewa zuwa Daura da Kano. Tarihin sana'ar gyara a wannan yanki yana ɗaure da wannan hanya, tun daga zamanin da maƙeri ne kaɗai ake kai wa abin da ya lalace.

Ƙira sana'ar gado ce, kuma maƙeri shi ke ƙera fartanya, shi ke gyara ta, saboda haka ba ya jiran kowa ya kawo masa wani ɓangare daga nesa. Da zugazugi da gawayi da masaba yake mayar da karyayyen ƙarfe sabo. Wannan cin gashin kai ya fara raguwa bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, noman gyaɗa ya bunƙasa a ƙasashen Kance da Magarya, kuɗin gyaɗa kuma ya shigo da kekuna da kekunan ɗinki, waɗanda sarƙarsu da allurarsu ba a maƙera ake yin su ba. Daga nan aka samu masu gyaran da ba gado suka yi ba, yaro ne ke zama a gaban maigida shekara da shekaru yana miƙa sukudireba har hannunsa ya faɗa. Gidan rediyon Nijar da aka buɗe a 1958, da ƙananan rediyoyi masu batir da suka cika karkara bayan 1960, su suka ƙara wa sana'ar dalma da ƙarfen narka ta, kuma mai gyaran rediyo na wancan lokaci gyara yake yi na gaskiya, yana bin waya ɗaya bayan ɗaya har ya gano inda wuta ta tsaya.

Wayar salula ta shigo Nijar da Najeriya a 2001, kwamfutar tafi-da-gidanka ta biyo baya a hannun ma'aikata da malamai da ɗalibai, musamman bayan kafa jami'a a Damagaram a 2010. Akasarin kwamfutocin na hannu ne, wato waɗanda aka yi amfani da su a Turai ko Amurka, suna sauka Legas, su ratsa kasuwar Computer Village ta Ikeja, su iso titin Beirut a Kano kafin su tsallaka iyaka. Shi ya sa ɗalibin da ya yi karatu da Faransanci yakan tsinci kansa da madannai masu jerin Ingilishi.

Allon irin wannan kwamfuta, wanda masu gyara ke kira sikirin, shi ya fi nuna yadda sana'ar ta sauya. Faranti biyu ne na gilashi mara kauri, da wani sinadari mai ruwa-ruwa a tsakaninsu, da fitila a baya. Idan ya tsage, baƙin tabo ya malalu a cikinsa, babu dalmar da za ta yi magani, sai dai a canza shi ɗungurungum. Sau da yawa ma ba faɗuwa ke fasa shi ba, ƙurar hunturu ce ke cushe hinjin murfi, wato ƙarfen da yake juyawa a kai, har ya sandare, mai shi ya buɗe da ƙarfi. Aikin canjin bai fi ƙarfin mai natsuwa ba: a cire batir tukuna don kada wuta ta ƙona hanyar fitila, a ɓamɓare firam ɗin roba a hankali, a kwance ƙusoshi, sannan a zare siririyar wayar da ke manne a bayan allon, mai haƙora 30 ko 40. Wahalar tana wajen samun wanda ya dace, domin HP da Dell ba su ke ƙera allon ba, daga kamfanoni irin su BOE da AU Optronics da LG suke saye, saboda haka lambar da ke liƙe a bayan allon ake bi, ba sunan da ke kan murfi ba. Tsofaffin kwamfutoci na kafin wajen 2010 suna da fitila mai bututu, na baya-bayan nan kuwa LED, kuma ɗaya ba ya hawa gurbin ɗaya.

A nan gwanintar ta tashi daga tafin hannu ta koma sanin kasuwa, abin da ya sa mai gyara ke tara matattun kwamfutoci yana cirar sassansu, ya kuma riƙe amintaccen direba a hanyar Kano. Raunin wannan tsari ya fito fili lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, sa'ad da aka sake rufe iyaka, aka kuma yanke wutar da kamfanin NIGELEC na Nijar ke saye daga Najeriya har zuwa Maris 2024.