Daga Jhang Zuwa Trieste: Yadda Abdus Salam Ya Haye Digirin Digirgir

Tarihinmu na wannan makon na masu shirin neman digiri na biyu ko na uku a fannin Fiziks ne, da waɗanda suka riga suka shiga, ruwa ya kai musu wuya. Za mu bi sawun Abdus Salam, ɗan Pakistan na farko da ya ci kyautar Nobel, mu ga yadda ya shiga, yadda ya fita, da abin da ya kusa kashe masa ilimi bayan ya fita.

An haifi Salam a 1926, ya tashi a Jhang, wani ƙaramin gari a lardin Punjab. Yana ɗan shekara 14 ya ci makin da ba a taɓa ci ba a jarrabawar share fagen shiga Jami'ar Punjab. Amma maki bai sayen tikitin jirgin ruwa. Abin da ya kai shi Ingila a 1946 shi ne wani asusu da aka tara saboda Yaƙin Duniya na Biyu, yaƙin ya ƙare kuɗi suka yi saura, aka mayar da su tallafin karatu ga 'ya'yan ƙananan manoma. Da shi ya shiga kwalejin St John's ta Cambridge.

Ya gama lissafi cikin shekara biyu, saura shekara guda a tallafin. Malaminsa Fred Hoyle ya ba shi shawarar ya kashe ta a kan Fiziks, har da aikin ɗakin gwaje-gwaje, ko da makinsa zai ragu. Ya bi shawarar, ya kuma fita da daraja ta ɗaya a 1949.

A nan aka fara samun cikas. Al'adar ɗakin gwaje-gwaje na Cavendish a lokacin ita ce masu daraja ta ɗaya a tura su aikin na'urori. Aka tura Salam, ya yi 'yan watanni yana fama da kayan da suka ƙi jin magana, ya gane ba shi da haƙurin wannan aiki. Bai jira shekaru sun tafi ba, ya nemi a mayar da shi ɓangaren nazari da lissafi. Nicholas Kemmer, wanda ɗalibai suka riga suka yi wa yawa, ya karɓe shi da ƙyar, ya ce ya je wurin Paul Matthews, wani ɗalibi da ke dab da kammalawa, ya tambaye shi ko akwai sauran matsalar da bai warware ba.

Ga matsalar a taƙaice. Idan ana lissafin yadda ƙananan ƙwayoyin zarra ke hulɗa, amsar takan fito adadi marar iyaka, abin da ba ya yiwuwa a zahiri. Feynman da Schwinger da Tomonaga sun samo dabarar kawar da wannan a hulɗar lantarki da haske, Freeman Dyson kuma ya haɗa dabarunsu wuri guda a 1949. Matthews yana gwada dabarar a kan ƙwayar da ake kira meson, sai ya cije a inda adadan marasa iyaka suka sarƙe cikin juna. Ya ce wa Salam ya ajiye tsohon littafin da yake karantawa ya koma kan takardun Dyson. Sannan suka yi yarjejeniya a 1950: Matthews zai tafi hutu, matsalar ta Salam ce har kaka; in bai warware ba, mai kaya ya karɓi kayansa.

Salam bai kulle kansa a ɗaki ba. Ya buga wa Dyson waya a Birmingham, ya tarar mutumin na haramar tafiya Amurka. Ya garzaya ya same shi, Dyson ya gaya masa gaskiya cewa a wannan gaɓar hasashe ya yi, bai da hujja. Salam ya bi shi cikin jirgin ƙasa suna tattaunawa. Kafin wa'adi ya cika ya warware matsalar, aka buga aikin a mujallar Physical Review a 1951, sunansa ya zaga duniyar masana. Matambayi ba ya ɓata.

Sai kuma babi mai ɗaci. A 1951 ya koma Lahore ya zama farfesan lissafi a kwalejin da ta yaye shi. Babu sababbin mujallu, babu wanda zai zauna da shi su yi musu a kan lissafi. Aikin da aka ɗora masa bayan koyarwa shi ne kula da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta kwaleji. Shekara uku yana ganin fanninsa na wucewa ya bar shi, har ya zama dole ya zaɓa tsakanin ƙasarsa da Fiziks. A 1954 ya koma Cambridge, a 1957 ya zama farfesa a Imperial College ta Landan, ya kuma jawo Matthews suka ci gaba da aiki tare.

Wannan kaɗaicin na Lahore shi ya haifi cibiyar ICTP da ya kafa a Trieste ta Italiya a 1964, da goyon bayan gwamnatin Italiya da hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Ya tsara yadda malami daga ƙasa mai tasowa zai riƙa zuwa ya yi 'yan watanni cikin takwarorinsa, ya koma gida bai yi ƙaura ba. Nobel ta zo a 1979 tare da Glashow da Weinberg. A 1991 cibiyar ta buɗe difloma ta shekara guda, da kuɗin jirgi da na zama, don shirya ɗalibai shiga digirin digirgir. 'Yan Najeriya da Ghana da Kamaru da Sudan sun bi ta wannan ƙofa, kuma tana nan a buɗe.

To me za mu tsinta? Mai neman gurbi ya nemi tallafi tun yana neman makaranta, ya kuma karanta sababbin takardun malamin da yake son aiki da shi kafin ya aika masa wasiƙa. Wanda ya shiga ya ga reshen bai karɓe shi ba, ya faɗa a shekarar farko, kada ya bari sai ta huɗu. Kada mu raina ɗalibin da ke gaba da mu da shekara biyu, domin sau da yawa shi ya san inda matsala mai warwaruwa take. Mu sa wa aiki wa'adi. In mun cije, mu tambayi wanda ya rubuta takardar da kansa. Yau saƙon imel ya isa, ba sai an bi shi tashar jirgi ba. Wanda kuma ke da niyyar dawowa gida ya koyar, ya ƙulla zumunci da abokan bincike tun kafin ya ɗaure kaya, domin Salam da duk basirarsa bai iya jure zama shi kaɗai ba.

Sai mako mai zuwa, in muna da rai da lafiya.