Daga Sabon Gari Zuwa Wayar Hannu: Yadda Marubutan Kano Suka Ci Abinci Da Alƙalami

Kafin tsakiyar shekarun 1980, duk Bahaushen da ke son ganin sunansa a bangon littafi kusan hanya ɗaya gare shi, ita ce ta Zariya. Can aka buga Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara bayan gasar 1933, can kuma kamfanin NNPC ya fitar da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980. Sai dai ƙofar ƙarama ce. Kamfani littafin da makarantu za su saya yake nema, matashin da ya rubuta labarin soyayya a littafin makaranta kuwa sai ya aika ya yi ta jira har ya gaji. Da tattalin arziki ya karye, aka shigo da tsarin SAP a 1986, takarda ta yi tsada, sai ƙofar ta kusa rufewa gaba ɗaya.

A daidai lokacin ne kuma masu karatu suka yawaita a Kano. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya fara yaye ɗalibai, Hukumar Ilimin Manya da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa ta koya wa dubban matan aure da 'yan kasuwa karatun boko da Hausa. Ga masu karatu, babu abin karantawa. Mu da muka taso a cikin harkar ba mu zauna mun tsara wani juyin adabi ba. Abin da muka sani kawai shi ne akwai ƙananan maɗaba'u a cikin gari masu buga katin biki da kalanda, kuma idan ka kawo kuɗi za su buga maka littafi.

Yadda ake yi ke nan. Ka rubuta da hannu, ka kai wa mai keken rubutu, ka nemi mai zane ya yi maka bango, ka ranto kuɗin takarda wajen ɗan'uwa ko ka sayar da wani abu naka. Littafi ya fito, ka ɗora a bayan babur ka kai wa masu shaguna a Kasuwar Sabon Gari da Kurmi. Su ne ke rarraba shi zuwa Kaduna da Sakkwato da Jos, har Maraɗi da Damagaram. Kuɗi kuwa sai an sayar. Dalilin da ya sa ake yanka labari ɗaya zuwa na ɗaya da na biyu da na uku ke nan: cinikin na ɗaya shi ke buga na biyu, shi ya sa marubuci ke tsayawa a daidai inda hankalin mai karatu ya tashi. Masu sukarmu sun ɗauka salo ne na rashin ƙwarewa, alhali rashin jari ne. Sannan ga masu bayar da haya a unguwanni, kwafi ɗaya ya zagaye gida goma, marubuci bai ga ko sisi ba. Gidajen rediyo ma suna karanta littattafan ga jama'a, suna sa sunan mutum ya kai inda ƙafarsa ba ta taɓa zuwa ba.

Ƙungiyoyi suka maye gurbin kamfani. Wadda ta fi suna ita ce Raina Kama, ta su Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba Cheɗiyar 'Yan Gurasa da Balaraba Ramat Yakubu. A nan ake duba wa juna rubutu, a nuna wa sabon shiga maɗaba'ar da ba za ta riƙe masa aiki ba, a jera sunayen littattafan 'yan ƙungiya a shafin ƙarshe na kowane littafi, talla ke nan kyauta. Kafa ƙungiya ba baƙon abu ba ne a Kano, domin marubuta waƙa sun riga mu: Mudi Sipikin yana da Hikima Kulob, Aƙilu Aliyu yana da Hausa Fasaha, kuma su ma rediyo ce ta kai baitocinsu kunnen jama'a fiye da takarda.

Littafin da ya nuna cewa abin zai iya zama sana'a shi ne In Da So Da Ƙauna na Ado Gidan Dabino, a farkon shekarun 1990. Labarin Sumayya 'yar masu kuɗi da Muhammad talaka ya shiga ko'ina, faɗawarta rijiya kuma ta zama abin wa'azi a kanmu, ana cewa muna koya wa 'yan mata bijire wa iyaye. Amma a ganina wadda ta fi kowa ƙarfin hali ita ce Hajiya Balaraba. An cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta koma karatu a ajin manya, ta rubuta Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila?. Abin da ta rubuta a kan auren dole da mijin da ke wofintar da iyalinsa ba daga littafin kowa ta ɗauko ba. Daga Funtuwa kuma Anti Bilki ta zo da Allura Cikin Ruwa da Ki Yarda Da Ni, ta kama zukatan matan aure. Kafin a ankara mata sun rinjayi maza a fagen, masu rubutu da masu saye duka.

Malaman jami'a ba su karɓe mu hannu bibbiyu ba. Ibrahim Malumfashi ya kira abin Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta shi da na Onica, yana ganin yayi ne da zai wuce. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Ibrahim Sheme suka shiga muhawarar a shafukan jaridu, aka shafe shekaru ana kai ruwa rana. Gaskiya ɗaya ce, wasu zarge-zargen suna kan hanya. Ƙa'idar rubutu ta sha wahala a hannunmu, an kuma ɗebo labarai daga finafinan Indiya ba tare da an faɗa ba. Abin da masu sukar ba su lissafa ba shi ne yawan mutanen da ta wannan hanya suka saba da karatu.

Abin da ya girgiza harkar da gaske bidiyo ne. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset, cikin 'yan shekaru marubuta suka fara mayar da littattafansu fim. Ado ya yi haka da In Da So Da Ƙauna, Bala Anas Babinlata ya yi da Tsuntsu Mai Wayo. Da fim ɗin Sangaya ya fito da waƙa da rawa, kasuwa ta juya wa labari baya, mawaƙin situdiyo da jarumi suka ɗauke suna da kuɗi, marubucin da ya haifi masana'antar ya koma wanda ake biya ladan rubutu sau ɗaya a manta da shi. Wasu suka bi ruwan. Aminu Ladan Abubakar, wato Ala, marubucin littattafai ne kafin duniya ta san shi da waƙa.

Shekarar 2007 ba ta fita a ran kowa. A shekarar ne aka ƙona littattafan Hausa a wata makarantar 'yan mata ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Kano, a shekarar ne kuma Hukumar Tace Finafinai, wadda aka kafa a 2001, ta tsaurara matakai bayan wani bidiyo da ya tayar da ƙura. Aka ɗaure ɗan fim Adam Zango, daga baya aka ɗaure takwaransa Hamisu Iyan-Tama, aka kama Ala a 2009 saboda waƙa. Aka ce marubuta su yi rajista, a riƙa duba littafi kafin ya shiga kasuwa, reshen Kano na ƙungiyar marubuta ta ANA ya tsaya ya ja. Wasu 'yan fim da mawaƙa suka koma Kaduna. Abin mamaki, a 2007 ɗin ne aka fara gasar tunawa da Injiniya Bashir Ƙaraye, inda 'Yartsana na Ibrahim Sheme ya zo na ɗaya.

Abin da takunkumi bai iya yi ba, wayar hannu ta yi. Shagunan littattafai suka ragu, masu haya suka ɓace. Yau yarinya tana zaune a ɗaki za ta rubuta babi a waya, ta saki na farko kyauta a WhatsApp ko Wattpad, mai son ci gaba ya tura kuɗi a saka shi a zauren masu biya. Dabarar na ɗaya da na biyu ce ta dawo, sai dai yanzu babu dillali a tsakani, akwai kuma ɓarawon da zai kwafe ya watsa, ko ya karanta a YouTube ya ci kuɗin. Babu mai duba wa wani rubutu, batsar da aka yi ta zarginmu da ita a da kuwa yanzu ne ta samu wurin zama a wasu zaurukan. Waɗanda suka samu albashi da alƙalami, irin su Nazir Adam Salih da Fauziyya D. Sulaiman, ta hanyar rubuta wasannin talabijin a Arewa24 suka same shi. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta fito da sababbin mata marubuta, amma gasa sau ɗaya ake yi a shekara.

Littattafan farko kuwa a takarda mai araha aka buga su, da yawa babu shekara a jiki, kuma marubutan kansu ba su ajiye kwafi ba. Mai neman wasunsu a yau zai fi saurin samu a ɗakin karatu na SOAS a Landan, inda Graham Furniss ya tara su, fiye da a Sabon Gari. Duk wadda ke da tsofaffin littattafan nan a ƙasan akwati ko a cikin kwalla, don Allah kada ta ba mai ƙosai. A kai su jami'a ko ɗakin karatu mafi kusa, a ɗauki hotonsu shafi-shafi tun gara ba ta cinye ba.