Kwabo Ɗaya A Mako: Yadda John Wesley Ya Yi Kiwon Garke

Yau za mu koma ƙasar Ingila, shekaru kusan 300 da suka wuce, domin mu ga yadda wani bawan Allah ya yi kiwon mutane a zamanin da kowa tasa ta fisshe shi.

A wancan lokaci talakawan Ingila da yawa suna barin ƙauyukansu suna tafiya birane da wuraren haƙar kwal neman abin da za su ci. A ƙauye kowa ya san gidan kowa, amma a birni mutum zai yi ciwo ya warke maƙwabcinsa bai sani ba. Shan giya ya yi yawa, kuma masu haƙar kwal na Kingswood, kusa da birnin Biristol, sun zama kamar tumakin da ba su da makiyayi.

An haifi John Wesley a shekara ta 1703, ya zama limami a Ikkilisiyar Ingila. Ranar 24 ga Mayu, 1738, a wani taron addu'a a Landan, ya sami tabbacin cewa Almasihu ya ɗauke zunubansa. A 1739 abokinsa George Whitefield ya kira shi Biristol, ya fara wa'azi a fili. Dubban mutane suka ji, da yawa suka tuba. Amma Wesley ya lura da wani abin baƙin ciki: inda aka yi wa'azi aka tafi ba a haɗa sababbin tuba da juna ba, in an dawo sai a tarar yawancinsu sun koma gidan jiya.

Maganin ya fito ta hanyar da ba wanda ya zata, wato ta hanyar bashi. Masu bi na Biristol sun gina ɗakin taro a 1739, bashin ginin kuwa yana wuyansu. Ranar 15 ga Fabrairu, 1742, suka zauna shawara. Wani mutum, Kyaftin Foy, ya ce kowa ya riƙa ba da kwabo ɗaya a mako. Aka ce akwai matalauta waɗanda ko wannan ba za su iya ba. Sai ya roƙa a haɗa shi da mutum 11 daga cikin mafi talauci, zai riƙa zuwa gidajensu kowane mako, wanda ba shi da shi kuwa, shi zai biya masa. Waɗansu ma suka ɗauki wannan nawaya. Haka aka raba jama'ar ƙungiya ƙungiya, mutum 12 tare da shugabansu, ana kiran kowace ƙungiya aji.

Da shugabannin suka fara shiga gidaje karɓar kwabo, sai suka ga abin da fasto ba ya gani daga bagade. Wannan ya koma shan giya, wancan yana faɗa da matarsa, wata tana kwance ba mai dubanta. Wesley ya gane cewa abin da ya daɗe yana nema ke nan. Da bin gida gida ya yi wuya, gama waɗansu barori ne a gidajen iyayengijinsu, sai aka shirya kowane aji ya taru wuri ɗaya sau ɗaya a mako. Shugaba yakan fara faɗin halin da ransa yake ciki, sa'an nan ya tambayi kowa ɗaya ɗaya. Akan yi gargaɗi, a ta'azantar, a sulhunta masu faɗa, a yi addu'a. Shugabannin nan yawancinsu ba su yi makarantar tauhidi ba. Masu sana'ar hannu ne, kuma akwai mata da yawa a cikinsu.

Akwai horo kuma. Kowane wata 3 akan ba kowane ɗan aji kati, wanda ya ƙi zuwa ko ya ƙi tuba ba a sabunta masa. A 1743, a garin Newcastle, Wesley ya cire mutum 64: 17 saboda buguwa, 1 saboda dukan matarsa, 29 kuwa saboda sakaci da halin ko-in-kula. Akwai taimako kuma, gama a Landan an kafa asusun da ke ba matalauta rance domin su kama sana'a. Sa'ad da Wesley ya rasu a 1791, mutum fiye da 70,000 ne a cikin azuzuwan nan a Biritaniya da Ireland. Daga wannan reshe ne Thomas Birch Freeman ya fito, wanda ya sauka Badagiri da bishara a 1842, shekara 100 daidai bayan shawarar Kyaftin Foy.

To, me ya faru da azuzuwan? Sannu a hankali suka yi sanyi. Jikokin matalautan nan sun sami arziki da ilimi, suka fara jin nauyin a tambaye su halin ransu a gaban mutane. Suka ɗauka bangaskiya sirri ne tsakanin mutum da Allahnsa. Aikin kiwo duka aka bar wa fasto. A 1866 Ikkilisiyar Metodis ta kudancin Amurka ta daina sa zuwa aji ya zama dole, a 1912 kuma Metodis na Wesley a Biritaniya suka bi sahu. Ba tsanani ne ya kashe aji ba, jin daɗi ne da son zaman kai kaɗai.

'Yan'uwa, wannan labari ya shafe mu. Iyayenmu sun san gayya, sun san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma 'ya'yanmu da ke Abuja, Jos da Kaduna suna zama a ɗakin haya, suna shiga majami'a mai mutum dubu, su fita ba wanda ya san sunansu. Waɗansu kuma sun bar zuwa sujada, suna jin wa'azi a waya. Mu da muke magana ta rediyo mun san iyakarmu: akwatin rediyo ba ya ganin hawayenka, ba ya iya tambayarka inda ka kwana jiya. Fasto ɗaya ma ba zai iya sanin ciwon mutum 500 ba. Shi ya sa Yetro ya shawarci Musa ya naɗa shugabanni har a kan mutum goma goma, kamar yadda muke karantawa a Fitowa sura 18. Ibraniyawa 10:24-25 da Galatiyawa 6:2 ma sun ɗora wa kowane mai bi nawayar ɗan'uwansa.

Saboda haka bari mu tambayi kanmu a gida yau da dare. Wa yake da izinin tambayarmu halin ranmu, mu kuma gaya masa gaskiya? Ɗanmu da ya tafi birni, mun danƙa shi a hannun wani mai bi, ko kuwa kuɗin mota kaɗai muka ba shi? Zumuntar mata, ƙungiyar matasa da addu'ar unguwa suna nan, amma sai mun bar lokacin tambayar juna a cikinsu, ba waƙa da sanarwa kaɗai ba. Dattawan ikkilisiya kuma su raba gidaje a tsakaninsu, kowa ya san nasa.

Ubangiji Yesu, Makiyayi Mai Kyau, wanda ya san tumakinsa da sunansu, ya ba mu zuciyar lura da juna. Amin.