Bakteriya masu narkar da fosfat da dutsen Adar

Bakteriya masu narkar da fosfat ƙananan halittu ne da ke zaune cikin ƙasa, galibi a jikin saiwar shuka. Sukan fitar da wani tsami da ke saki fosfor daga inda ƙarfe, alminiyom ko alli suka ɗaure shi, sai shuka ta samu ta sha. Fosfor kuwa shi ne abincin da jigawar Nijar ta fi rashi. In ya yi ƙaranci, hatsi yakan tsumbure, saiwa ba ta nisa, zangarniya ta fito siririya.

Ilimin ya kafu a 1948. A shekarar ne Gerretsen na Holan ya nuna cewa shukar da ke tare da waɗannan halittu ta fi cin fosfat, ita kuma Pikovskaya ta Tarayyar Sobiyet ta fito da hanyar tantance su a ɗakin gwaji, wadda ake bi har yau. Sobiyet ta yi gaggawar sarrafa ɗaya daga cikinsu, Bacillus megaterium, da sunan Phosphobacterin, ta baza shi a gonaki cikin shekarun 1950. Da aka gwada shi a wasu ƙasashe, amfanin bai kai yadda aka zuzuta ba, kasuwarsa ta yi sanyi. Indiya ba ta saki aikin ba. A 2019 hukumar Embrapa ta Barazil ta fito da nata haɗin bakteriyar mai suna BiomaPhos, manoman masara da waken suya suka karɓe shi.

Abin da ya haɗa Tawa, birnin da ke ƙasar Adar a Nijar, da wannan labari shi ne dutse. A In Akker, kimanin kilomita 60 daga birnin, akwai curarrun duwatsun fosfat, ragowar tekun da ya taɓa rufe yankin miliyoyin shekaru da suka wuce. Daga shekarun 1970 zuwa na 1980 hukumar ma'adinai ta ONAREM ta riƙa haƙo su tana niƙawa. Manoma ba su rungumi garin ba, kuma suna da hujja: laushinsa ya yi yawa, iska na kwashe shi tun yana hannu, ga shi ba ya nuna aikinsa a damina ɗaya kamar takin zamani. Gwajin da André Bationo da abokan aikinsa suka yi a cibiyar ICRISAT ta Sadore, kusa da Yamai, ya nuna dutsen Tawa ya fi na gandun dajin W saurin narkewa. Sai dai yawan ƙarfe da alminiyom da ke cikinsa ya sa jiƙa shi da asid, kamar yadda masana'antu ke yi, ba ya biyan wahala. Nan ne bakteriya ke da wurin shiga.

Misali mafi kusa daga Mali ya zo. A 2006 Amadou Hamadoun Babana da Hani Antoun suka wallafa gwajin alkama da dutsen fosfat na Tilemsi haɗe da halittun da aka zaɓo daga ƙasar wurin, aka ga ƙarin amfani.

Matsalar Adar ita ce zafi da fari. Bakteriya na buƙatar danshi da ruɓaɓɓen abu, jigawa kuwa ba ta da ko ɗaya a rani. Shi ya sa tassa, ramukan da suka bazu a Illela da Badagishiri tun ƙarshen shekarun 1980, ke da muhimmanci: ramin na tara ruwa, takin dabbobin da aka zuba ciki na ciyar da halittun ƙasa. Manomin da ya cuɗa garin fosfat da juji, ya bar shi ya ruɓe kafin shuka, ya riga ya sa bakteriyar ƙasarsa aiki ba tare da ya sayi ko kwalba ɗaya ta bakteriyar kanti ba.