Yadda Aka Gano Hatsarin da Ke Biyo Bayan Zubar Jini a Ƙwaƙwalwa

An daɗe likitoci na ganin wani abu da ya ɗaure musu kai. Jijiyar jini da ta kumbura takan fashe a ƙarƙashin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, mutum ya faɗi da matsanancin ciwon kai, ya farfaɗo har dangi su fara hamdala. Bayan kamar mako guda sai harshe ya yi nauyi, ɓarin jiki ya shanye, alhali jijiyar ba ta sake fashewa ba.

Ba a gano dalili ba sai da aka iya ganin jijiyoyin. A 1927 Egas Moniz ya fara ɗaukar hotonsu a Lisbon ta ƙasar Fotugal. A 1951 likitoci biyu a Amurka, Ecker da Riemenschneider, suka nuna da irin wannan hoto cewa jijiyoyin da ke kwance cikin jinin da ya zuba suna tsukewa, ƙwaƙwalwa ta rasa isasshen jini. Tsukewar takan zo ne tsakanin kwana na 3 da na 14.

Daga nan tambaya ta koma: wa zai faɗa cikin wannan hali? A 1980 Miller Fisher na Boston ya nuna da hoton CT cewa kaurin gudan jinin ne ma'auni. A 1982 Rune Aaslid ya fito da na'urar auna saurin jini ta jikin ƙoƙon kai, a gefen gadon majinyaci, wadda ke taimakawa wajen gano tsukewar.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne binciken Jan van Gijn da abokan aikinsa a Holan a 1985. Sun ware wani nau'in zubar jinin da ke taruwa kusa da tushen ƙwaƙwalwa ba tare da kumburin jijiya ba. Masu shi kusan duk suna warkewa, tsukewa mai illa kuma ba ta cika samunsu ba. Mutanen da a da ake tsoratar da su, sai ga shi ana sallamarsu da kwanciyar hankali.

Har yanzu da sauran aiki. Maganin clazosentan ya rage tsukewar, amma gwajin da aka wallafa a 2011 bai nuna majinyata sun fi warkewa ba. Nimodipine kuwa, da ake sha kwana 21, yana taimakawa ko da bai buɗe jijiyar sosai ba.