Tarihin Rarrabe Kalmomin Harshen Tai a Kwamfuta

Rubutun Tai, wanda ake danganta ƙirƙirarsa ga Sarki Ramkhamhaeng na Sukhothai a shekarar 1283, ba ya barin fili tsakanin kalmomi. Haruffa jeruwa suke yi sambal, sai a ƙarshen jimla ko gaɓar zance ake barin tazara. Ɗan ƙasar Tailan idonsa ya saba. Kwamfuta kuwa, da aka koya mata yanke layi a inda ta ga fili, sai ta rasa inda za ta sa wuƙa.

Misalin da masana suka fi kawowa shi ne ตากลม. In aka yanka bayan harafi na biyu, "ta klom" ke nan, wato zagayayyen ido. In bayan na uku ne, ya zama "tak lom", shan iska. Ga kuma wasula biyar da ake rubutawa kafin baƙin da suke bi a furuci, waɗanda raba su da baƙinsu ɓarna ce.

A farkon shekarun 1980 an gwada dokokin gaɓa, amma gaɓa daban, kalma daban. A 1986, shekarar da aka fitar da ma'aunin haruffa na TIS 620, Yuen Poovarawan na Jami'ar Kasetsart ya kawo dabarar ƙamus: a ɗauki kalma mafi tsawo da ta dace, a wuce gaba. Dabarar tana da sauri, sai dai tana da haɗama, don takan haɗiye farkon kalmar da ke biye. A 1993 Virach Sornlertlamvanich na cibiyar NECTEC ya gyara ta: a jera duk yankan da zai yiwu, a zaɓi mai ƙarancin kalmomi.

A kan wannan tushe manhajoji irin su SWATH da libthai da ICU suka ginu. Unicode ma bai kafa wa Tai dokar yanke layi ba. Ya haɗa shi aji guda da rubutun Lawos da Kambodiya da Bama, ya bar aikin ga ƙamus. Wasu marubutan shafukan intanet kan cusa ɓoyayyen fili marar faɗi tsakanin kalmomi da hannunsu, aikin wahala. Raunin ƙamus dai bai tafi ba: sunayen mutane da kalmomin aro sukan fito a daddatse.

Daga 2009 NECTEC ta shirya gasar BEST, tare da taskar rubutu mai kalmomi kusan miliyan 5 da mutane suka rarrabe. Da ita aka horar da DeepCut a 2017, manhajar da ke koyo daga misalai maimakon ƙamus.

Abin da ya rage ba laifin na'ura ba ne. Kogi a harshen Tai แม่น้ำ ne, "mae nam", wato uwa da ruwa a haɗe. Ko kalma ɗaya ce ko biyu, masu rarrabe taskokin rubutu su ke yanke hukunci a kan irin waɗannan harɗaɗɗun kalmomi, kuma ba kullum bakinsu ke zuwa ɗaya ba.